Kafi-Likita da Marasa Lafiyan Ko-ta-kwana

A asibitin haƙorin da ke saman shagon mai fenti, akwai wani bawan Allah mai zama a kantar karɓar baƙi, aikinsa ɗaga waya da ba mutane ranar ganin Likita. Kafi-Likita ake ce masa. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, amma da ya ji ana kiransa haka a bayan idonsa, sai ya ce to, ashe mutane sun fara ganewa, ya riƙa amsawa tun daga nesa. Kafin ka gama gaishe shi ya leƙa bakinka, ya gaya maka haƙorin da zai fara faɗuwa. Har farar riga ya sa aka ɗinka masa, ta fi ta Likita tsawo, yana jan ta a ƙasa in zai je shan ruwa.

Abin da ya addabi asibitin kuwa shi ne fasa zuwa. Haƙori zai hana mutum sakat, ya bugo waya kamar zai yi kuka, a taimaka a ba shi rana. Da ciwon ya lafa sai ya tuna da allura, ya sake bugowa ana saura kaɗan lokacinsa, ya ce mota ta lalace, ko baƙi sun sauka, ko kakarsa ta rasu. Akwai wanda kakarsa ta sha rasuwa a cikin shekara guda.

Wata ranar Asabar Likita ta fito daga ɗakinta, ta jingina da kantarsa. Mace ce marar hayaniya, in ta yi fushi muryarta ƙara sanyi take yi.

"Malam, tun safe baki ɗaya na leƙa yau, shi ma nawa ne, a madubi."

"Ranki ya daɗe, mutanen yanzu ba su da alƙawari."

"Abu kaɗan na roƙe ka. Ka riƙa kiran mutum ana gobe ranarsa, ka tuna masa. In ya fasa, ka kira wanda ranarsa ke nesa ka matso da shi. Ka yi?"

"Wannan ai tsohon yayi ne, Likita."

"To sabon yayin yana cikin wayata. Ƙanena ya nuna min wata manhaja, ita ke tuna wa mutane da kanta. Ba ta shan shayi, ba ta neman hutu, ba ta sa farar riga."

Kafi-Likita ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, amma ya daure ya bugi ƙirji.

"Manhaja? A gabana? Ki ba ni mako mai zuwa kawai. Wallahi kujerar nan taki ba za ta sake hucewa ba. Wani na tashi, wani na zama."

Da yamma a gidan kallon ƙwallo dabara ta faɗo masa. Ya ga an cire ɗan wasan da ya gaji, an sako wani daga benci, sai ya miƙe tsaye yana ihu, mutane suka ɗauka ƙwallo aka ci. Bai tsaya an tashi ba ya nufi gida, ya tarar da matarsa tana guga.

"Na gano! Benci za a yi wa Likita. Marasa lafiyan ko-ta-kwana. Duk wanda ya fasa, nan take in sako wani."

"A ina za ka samo su?"

"Ga Tela nan maƙwabcinmu, ga Mai Faci a bakin titi, ga Baba."

Ta ajiye dutsen guga. "Wane Baban? Babana? Mutumin da ba shi da haƙori ko ɗaya a bakinsa?"

"Shi ya sa ya fi kowa dacewa. Ba abin da zai yi asara."

Ranar Litinin da sassafe ya jera su a bencin ɗakin jira. Ya koya wa Tela yadda zai dafe kunci, ya nuna wa Mai Faci yadda ake nishi, surukinsa kuwa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ku dai ku zauna ku huta a fanka. In Allah ya yarda har sababbin haƙora za a sa muku." Tsohon ya yi murmushi, dasashi fal.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Wani ne, wai tayarsa ta yi faci. Mai Faci ya zabura zai tambayi a ina, Kafi-Likita ya danne shi, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Canji! Tela, shiga!"

Tela ya shiga yana ɗingishi, don ya manta ko wane ciwo aka ce ya yi. Likita ta kwantar da kujera, ta jawo fitila.

"Ina ke maka ciwo?"

"Hagu," in ji Tela, hannunsa a kuncin dama.

Ta ɗauko ɗan ƙarfenta. Tun bai kai bakinsa ba Tela ya kurma ihu.

"Ban taɓa ka ba fa."

"Ai ina rage miki aiki ne."

Likita ta leƙa hagu, ta leƙa dama. Sai ga wani turmin haƙori can ƙurya, ya rube har gindi, mai shi bai ma san da zamansa ba. Ta ce, "Ka yi sa'a da ka zo yau. Nas, kawo allura."

Da Tela ya fito, bakinsa cike da auduga, leɓensa ya saki, idanunsa sun yi ja. Ya nuna Kafi-Likita da yatsa yana zuba magana, ba mai gane ko kalma ɗaya.

"Me yake cewa?" in ji Baba.

"Godiya yake yi, Baba. Ya ce bai san da wane baki zai gode min ba."

Mai Faci ya dubi audugar, ya dubi jinin, ya ce bari ya zaga ya dawo. Jim kaɗan waya ta sake ƙara. Kafi-Likita ya ɗauka, sai ya ji muryar Mai Faci daga ƙasan bene.

"Malam, na bugo ne in ce na fasa."

"Kai ɗan benci ne! Ɗan benci ba ya fasawa!"

"To na zama na farko."

Kafin ya ajiye wayar wata mata ta turo saƙo ita ma ba za ta samu zuwa ba. Ba yadda ya iya, ya kama hannun surukinsa ya raka shi har ƙofa.

"Baba, ku buɗe baki in gani," in ji Likita.

Baba ya wangale baki iya ƙarfinsa. Likita ta haska fitila, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta cire tabarau ta goge ta sake dubawa.

"Baba, me ya kawo ku?"

"Surukina."

Aka kira Kafi-Likita. Ya shigo yana gyara wuyan riga.

"Malam, me zan duba a nan?"

"Rigakafi ne, ranki ya daɗe. A ƙasashen da suka ci gaba, tun haƙori bai fito ba ake fara kula da shi."

"Na Baba sun fito, sun gama aikinsu, sun tafi."

"To ai sai a bincika dalilin tafiyarsu."

Baba ya ɗago kai daga kujera. "Yarinya, yaushe zan zo karɓar sababbin?"

Likita ta dubi Kafi-Likita, muryarta ta yi sanyi ƙalau. "Kada in sake ganin mai lafiya a kujerata. Saura kwanaki makonka ya cika."

A gida matarsa ta fara zuba masa abinci. Tun ba ta gama ba ya soma bayani.

"Kuskuren ɗaya ne. Na tsaya gyaran reshe na bar saiwa. Yanzu dabara biyu zan haɗa. Ta farko, kowane lokaci mutum uku zan ba, tunda dole wasu su fasa. Ta biyu, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in tabbatar ba wanda ya fasa."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Baban yara, in ka ba mutum uku lokaci ɗaya, kuma ka hana su fasawa, a kan wa za su zauna?"

"Ke lissafin kicin kika sani. Wannan harkar asibiti ce."

Talata da Laraba wayar asibitin ba ta huta ba. Duk wanda ya nemi rana, Alhamis da safe. Duk wanda ranarsa ke wata mai zuwa, an matso da shi Alhamis da safe. Wanda kuma ya bugo zai fasa, ya gamu da gamonsa.

"Malam, tafiya ce ta taso min…"

"Allah ya kiyaye hanya. Dama Likita ta ɗauko hoton bakinka jiya, ta daɗe tana kallo, ta girgiza kai, ta nemi ruwa ta sha."

"Me ta gani?"

"Ba a faɗa a waya."

"Ina nan zuwa."

Wani tsohon soja ya bugo, murya kamar ana jan ganga a siminti, ya ce ciwon ya yi sauƙi, a bar shi sai wani jiƙon. Kafi-Likita ya rage murya.

"Yallaɓai, don kai ne zan faɗa. Allurar kashe zafi ta kusa ƙarewa. Ranar Alhamis za a yi ta ƙarshe. Daga Juma'a ido biyu za a riƙa cirewa, mutum huɗu su danne ka."

Ya ji daɗin wannan ƙaryar ƙwarai, har ya gaya wa duk wanda ya bugo bayan sojan, kowa yana ce masa don shi ne kawai. Kafin magariba labari ya zaga kasuwa, ya shiga tasha, ya fito ta wajen masu aski. A can ma har an ƙara masa gishiri, wai allurar ta ƙare a duniya gaba ɗaya.

Ranar Alhamis Kafi-Likita ya sha guga, ya fesa turare, ya taho yana fito. Da ya karyo kwana sai ya tsaya cak. Mutane sun cika matakalar bene, sun gangaro sun toshe ƙofar mai fenti, layi ya miƙe har bakin titi. Mai fenti na tsaye a kan bokiti yana rantsuwa, wata mata ta riga ta kafa tebur tana sayar da ruwan sanyi.

Da mutane suka ga farar riga sai suka dare. "Ga Likita nan! Ku ba Likita hanya!" Kansa ya yi girma nan take. Bai ce shi ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Ya dai ɗaga hannu yana gaisawa hagu da dama har ya kai kanta.

"Ni ne na farko," in ji Tsohon Soja, ya buga sanda a ƙasa.

"Ƙarya ne, ni aka ba safe!" in ji wata shugabar makaranta.

"Ni ma safe!"

"Duk wanda aka ba safe ya ɗaga hannu," in ji Kafi-Likita. Hannuwa suka tashi har ƙasan bene, har da na mai sayar da ruwa.

Ya hau kujera ya tsaya. "Jama'a, a ilimance za a bi. Wanda kuncinsa ya fi kumbura shi zai fara shiga."

Nan da nan ɗakin ya yi tsit, don kowa ya cika baki da iska. Wani ya tura hankici a kunci, wani ya tura lemo guda. Shugabar makaranta ta gaji da riƙe numfashi ta saki, ta ce ba ta yarda ba, na kusa da ita kumburinsa ya koma ɗaya gefen tun ɗazu.

Ana cikin haka sai ga Baba ya ratso, da abokan hirarsa tsofaffi a bayansa, duk sun sha manyan riguna, ba mai haƙori a cikinsu.

"Yaro, ga su nan na kawo. Na gaya musu surukina ke raba sababbi. Wannan ya ce a sa masa na zinariya ɗaya a gaba."

"Baba, don Allah ku…"

"Maƙaryaci!" Matar Tela ce, ta jawo mijinta ta hannu, kuncinsa kamar an ɓoye ƙwai a ciki. "Lafiya lau ka ɗauke shi daga kan keke, ka dawo min da shi ba ya iya cin komai sai ruwa-ruwa. A ba shi haƙorinsa!"

"Ya rube fa, baiwar Allah."

"Da rubewarsa muke son abinmu!"

A daidai wannan lokaci Likita ta iso ƙasan bene da jakarta a hannu, cikin kayan gida, don a sama take barin farar rigarta. Ta ce a ba ta hanya.

"Bi layi, baiwar Allah."

"Ni ce likitar."

"Ɗazu ma wani ya ce shi ne mai ginin. Yana can baya."

"Likita yana sama tun ɗazu," in ji wani. "Dogo ne, mai doguwar riga."

A sama kuwa haƙurin Tsohon Soja ya ƙare. Ya damƙi Kafi-Likita ta kafaɗa, ya sauko da shi daga kujera kamar jakar kaya, ya tura shi cikin ɗakin aiki, ya haye doguwar kujerar ya kwanta.

"Likita, yi min allurata tun ba ta ƙare ba, ka cire."

Nas ta buɗe baki za ta yi magana, ta ji wayarta na ƙara, Likita ce. Ta fita da gudu ta ƙofar baya. Mutane suka cika ƙofar ɗakin suna leƙe, Baba a gaba yana ce wa abokansa, "Ku kalli aikin surukina."

Kafi-Likita ya dubi ƙarafan da ke jere a faranti, ya waiwaya yana neman hanyar fita. Amma ga ido ya yi yawa, ga suruki.

"Yallaɓai, sai an fara daidaita kujera. Nan ne ƙananan likitoci ke kuskure."

Ya taka wani abu a ƙasa. Kujera ta yi sama da soja har ya kusa sumbatar fitila. Ya taka na kusa da shi, kan soja ya yi ƙasa, ƙafafunsa suka yi sama, takalmi ɗaya ya fice. Ya damƙo wani siririn tiyo don ya riƙe kansa, ruwa ya yi tsiri ya wanke fuskar shugabar makaranta.

"Wannan wanke ido ne, kyauta muke yi," in ji shi.

"Sauke ni!" in ji soja.

Ya tattake duk abin da ƙafarsa ta samu. Kujera ta miƙe zumbur, soja ya taso gaba ɗaya, goshinsa ya haɗu da bakin Kafi-Likita, ƙau! Wani ɗan farin abu ya yi tsalle, ya faɗa faranti yana juyawa.

Soja ya shafa kuncinsa, ya leƙa farantin. "Kai! Har ka cire? Ko zafi ban ji ba!"

Mutanen ƙofa suka ɗauki tafi. Baba ya ce, "Ban gaya muku ba?"

"Ba naka ba ne, Yallaɓai." Likita ce, ta shigo ta ƙofar baya, Nas na biye da ita. Ta ɗauki rigarta a ƙusa ta sa, ta ɗaga ɗan farin abin da hantsaki, ta nuna wa jama'a. "Rabin haƙorin gaban mai ɗaga min waya ne. Malam, buɗe musu su gani."

Kafi-Likita ya toshe baki da hannu biyu. Soja ya sauko daga kujera, ya ɓamɓare hannuwan kamar yana ɓare ayaba. Dariya ta fashe daga ƙofa, ta gangara matakala, ta isa titi, har waɗanda ba su san abin da ya faru ba suna yi.

Likita ta fita ta tsaya a kan matakala, ta ce allura na nan kwali-kwali, ba wanda za a danne, ba hoton da ta gani ta nemi ruwa, ba kuma a raba haƙora. Masu kumburin gaske su tsaya, sauran kowa a ba shi rana tasa shi kaɗai. Mai lemo ya tofar da lemonsa. Abokan Baba suka juya suna gunguni, na zinariyar ya ce dama tun ranar ɗaurin aure bai yarda da idon yaron nan ba. Baba kuwa ya tsaya gaban surukinsa ya daɗe yana kallon giɓin, sannan ya ce, "Sannu da zuwa. Haka nawa ma suka fara."

Sai bayan la'asar ɗakin jira ya yi fili. Kafi-Likita ya lallaɓa ya shiga wajen Likita, riga a ninke a hammata, don ta ce kada ta sake ganin ta a jikinsa.

"Ranki ya daɗe, korata za ki yi?" Duk inda ya zo kan harafin sa ko sha, sai iska ta fita ta giɓin, fiit.

"Da na so. Amma duk mutanen nan kai ka tara su, kai za ka bi su da ban haƙuri ɗaya bayan ɗaya. In ka gama sai mu yi magana."

"To haƙorina fa?"

Ta haska, ta ƙwanƙwasa. "Jijiya ba ta taɓu ba. Ba na gaggawa ba ne. Je ka ba kanka rana."

Ya koma kanta ya duba. Mako mai zuwa a cike, na bayansa a cike, watan gaba ma ba masaka tsinke.

"Likita, babu wuri!"

"Sai ka jira wani ya fasa."

Ba wanda ya fasa. Mutanen da suka sha matsi a matakalar nan sun rantse ko da rarrafe sai sun zo ranarsu. Kafi-Likita ya koma bin su a waya da lallami.

"Yallaɓai, gobe ne ranarka, amma na ga hadari ya haɗo a sama, fiit. Kada ka wahalar da kanka."

"Ina da lema."

"Ciwon bai yi sauƙi ba? Wani lokaci in an bar shi, fiit, da kansa yake warkewa."

"Malam, wai tsuntsu kake kiwo a ofis ɗin nan?"

Da yamma in ya zauna a ƙofar gida, hannu a baki, yakan ce wa maƙwabta su je su tambaya, tunda ya sa hannu a harkar asibitin nan ko mutum ɗaya bai sake fasawa ba. Tela, da har yanzu bai huce ba, yakan ce wannan kam gaskiya ne, Allah ya ƙara basira, ya sa kada a taɓa fasawa har abada.

Ran nan yana zaune a kanta ya rafka tagumi, sai waya ta yi ƙara. Wata mata ce, muryarta a sanyaye.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri, game da ranar da ka ba ni ne, jibi…"

Kafi-Likita ya miƙe tsaye, har kujera ta faɗi. "Ba komai, Hajiya! Wallahi ba komai! Uzuri ai ya wuce wasa, fiit! Allah ya saka miki da alheri, ya raya zuriya!"

"Amin. Dama cewa zan yi, in wani ya fasa gobe, a taimaka a matso da ni."